Tambarin Malam Lado

Kusfa, Birnin Zariya
6 ga Janairu, 1991

Zuwa ga Dokta Zacchaeus Ɗan'azumi, Liverpool.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sanyin ƙasar da ka zaɓa wa kanka. Mu nan da sauƙi, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Ba ka san ni ba. Sunana Inuwa, ɗan Malam Lado mai zanen riga na Kusfa. Mahaifiyarka marigayiya Batulu, wadda ta koma Wusasa aka riƙa ce mata Elisabatu, ƙanwar kakana ce ciki ɗaya. Ke nan kai da Malam taubasai ne, ni kuma dole in ce maka Baba, ko da yake rabonka da zaurenmu tun ban zo duniya ba. Adireshinka a wurin ƙanwarka Gwaggo Clara na karɓa. Ita dai takan taka ta zo mana barka da Sallah.

Ka yi haƙuri da ƙazantar takardar. Ni bahago ne, gefen hannuna yakan share rubutun kafin ya bushe. Kuma a aji huɗu na tsaya, sauran karatuna a jikin jaridar naɗe tsire na koya. A irinta na ga hotonka, maiƙo ya cinye rabin fuskarka. An ce babu wanda ya fi ka sanin ciwon rawar jiki, kana yawo ƙasa-ƙasa kana koya wa Turawa. Na karanta sau uku, na ce madalla. Ashe maganin yana gidanmu, an kai wa wasu.

Shekara uku ke nan hannun Malam na rawa. Mutumin da dillalan Kano ke zuwa da shaddarsu su jira kwana biyu don ya zana musu aska takwas, yau koko ba ya kaiwa bakinsa sai rabi ya zube a riga. Ya daina cin abinci a zaure da mutane. Hannun kullum yana cikin riga kamar abin sata. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi shafe-shafe. Asibiti kuwa ya rantse ba zai je ba. Wai a gan shi a layi da safe, kafin la'asar Kusfa da Limancin Kona sun ji cewa hannun Lado ya mutu.

Na sayi wani tsohon littafin nas-nas a wurin masu baza littattafai a Ƙofar Doka. Babu bango, amma shafin da nake so yana nan. Na zauna da ƙamus na warware shi kalma-kalma. Ciwon Parkinson ne, ba ni da shakka.

Ba roƙo na zo yi ba. Hannun nan shi ya ɗinka rigar da aka ce mahaifinka ya sa maka ranar da ka gama makaranta. Ka gaya mini abin da zai dawo da shi. In kuma mun yi maka nisa, ka faɗa, in daina ɓata kan sarki.

Ɗanka, in ka yarda,
Inuwa Lado

Liverpool
29 ga Janairu, 1991

Ɗana Inuwa,

Na amsa gaisuwarka, na kuma amsa dukan da ya biyo bayanta. Muna lafiya. Ka gaishe da Malam, ka ce bawansa na Wusasa yana gaisuwa, ko da yake ya san a tsakaninmu waye bawan wani. Ka gaishe da mahaifiyarka Hajara.

Rigar da ka ambata tana cikin akwatina a nan. Ban manta ba.

Labarin hannun ya tsaya mini a rai. Amma ka saurare ni. Rawar hannu iri-iri ce, kuma likitan kirki ba ya raɗa wa ciwo suna ta gidan waya. Abin da ya fi shi ne Malam ya je asibitin koyarwa, akwai wanda na sani, zan rubuta masa. In ya ƙi, na rubuta wa Clara ta zo ta duba shi a gida. Shekararta ashirin tana aikin nas, idonta ya fi na likitoci da yawa.

Kafin nan ka amsa mini waɗannan. Yaushe hannun ya fi rawa, in yana ajiye a cinya ko in ya miƙa shi zai yi wani abu? Tafiyarsa ta canza? Fuskarsa fa, yana fara'a kamar da?

Sannan ka ce wa Malam taubashinsa yana son ya yi masa tambari a farar takarda, wannan zagayen da ke farawa daga tsakiya yana buɗewa, irin na bayan babbar riga. Ka sako mini shi cikin amsarka.

Shekara goma sha biyu ina bincike a kan rawar jiki, kuma kusan duk abin da aka rubuta a kan Turawa aka rubuta shi. Namu mutanen ba a san komai a kansu ba. In Malam ya yarda, zan so labarinsa ya shiga aikina.

Littafin nas ɗinka ba laifi, amma kada ka yi masa aure da zuciyarka.

Babanka,
Zacchaeus

Kusfa
24 ga Fabrairu, 1991

Baba Likita,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya, sai mai jiki.

Na fara da ƙarshen takardarka, don nan ne ka faɗi gaskiya. Wato Turawanka sun ƙare, sai ga wani tsoho a Kusfa ya faɗo maka daga sama, a rubuta shi a littafi a ƙara maka girma. Na gane. Ubana ba ɓeran gwaji ba ne. Amma tunda maganin yana hannunka, zan haɗiye wannan.

Gwaggo Clara ta zo ran Talata. Malam ya sa aka dama mata fura, ya tambaye ta mutan Wusasa ɗaya bayan ɗaya, hannayen nan biyu suna cikin riga har ta tashi. Da ta ce ya miƙo ta gani, sai ya ce, "Kilara, yaushe kika girma?" Shi ke nan. Maganar asibiti kuwa kada ka sake tayar da ita.

Tambayoyinka. Yaushe ya fi rawa? Ina zan sani, abin da ake ɓoye mini? Duk sanda na gan shi yana rawa. Tafiya ta ragu, daga ɗaki sai masallaci, kai a sunkuye. Fara'a babu. Duk suna cikin littafina, shafi na ɗari biyu da tara, ka duba naka in kana da shi.

Saƙon tambari ne kaɗai ya yi masa daɗi. Ya yi dariya, rabon da in ji ta tun bara. Ya ce, "Ɗan Wusasa ya je Ingila ya rasa mai zane." Ya ce a fitar da abin da ba za a raina Kusfa ba. Ga shi nan, da tawada da alƙalamin kara, aikin zauren Malam Lado. Ka nuna wa Turawan.

Inuwa

Liverpool
19 ga Maris, 1991

Ɗana Inuwa,

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa.

Maganar bincike na janye ta. Ban iya faɗinta ba, ka yafe.

Tambarin ya iso. Na kafa shi a allon ofishina, abokin aikina mai fiɗar ƙwaƙwalwa ya tsaya yana kallo, ya ce da injin aka yi. Bari in gaya maka dalilin da ya sa na nema. Gwaji ne da muke yi wa kowane mai rawar hannu. Akwai rawar da ke tashi in mutum ya kama aiki, ita layin tambari yakan fito kamar haƙoran zarto. Akwai kuma wadda ke zuwa in hannu na hutawa, ta lafa in an kama alƙalami. Ita ce ta Parkinson. Layin Malam bai girgiza ko sau ɗaya ba. In aka haɗa da tafiyar da fuskar da ka faɗa, da alama littafinka ya yi gaskiya.

Ba na son ba da magani ga wanda ban gani ba. Amma na san kan Lado, in na jira ya je asibiti sai mu tsufa. Wani abokina zai zo Kaduna, zai kai wa Clara ƙwayoyi, sunansu levodopa. A bari sai bayan azumi. A fara da rabi sau uku a rana, ana ƙarawa kowane mako yadda na rubuta mata. Yakan tayar da zuciya da farko, a daure. Bayan mako uku a sake yi mini tambari.

Babanka,
Zacchaeus

Kusfa
12 ga Mayu, 1991

Baba Likita,

Gaisuwa. An yi Sallah lafiya, ruwa ya sauka sau biyu.

Mako uku ke nan da fara magani. Amai safe da yamma. In ya miƙe tsaye sai ya dafa bango, ya ce ƙasa na juyawa. Tuwo ya gagara, sai kunu, shi ma Inna ke ba shi a baki. Rawar kuwa tana nan yadda take, ko gaishe da maganin ba ta yi ba.

Gwaggo Clara ta ce ka ce a daure. Muna daurewa. Ni ke ɓalla ƙwayar, ni ke tsayawa a kansa sai ya haɗiye. Jiya ya dube ni ya ce, "Inuwa, kai da ɗan Wusasa kun haɗa baki ne?" Wasa yake yi, amma ban ji daɗinsa ba.

Jibi za a ƙara zuwa ɗaya da rabi. A ƙara ko a tsaya? Ka amsa da wuri.

Ga tambari na biyu.

Inuwa

Kusfa
16 ga Yuni, 1991

Dokta,

Gaisuwa don an ce a riƙa yi. Lafiya babu.

Mako biyar. Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara ce mini "babu" tun ina bakin ƙofa. Ko takardata ta faɗa teku, ko tana ƙarƙashin wata lambar girma da aka ba ka.

Tunda ba ka ce a tsaya ba, mun ƙara. Ya fara ganin mutane a kusurwar ɗaki. Ya ce da Inna ta shimfiɗa wa baƙi tabarma, alhali babu kowa sai buta. Ran Alhamis a sallar azahar ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki gindin ginshiƙi. Jini har kan tabarmar liman. Mutane suka rufu a kansa. Alhaji Kabir dillali, wanda ke kai rigunanmu Kano, shi ya kama hannunsa na dama ya ɗaga shi, hannun na karkarwa a cikin nasa a gaban sahu uku. Shekara uku yana ɓoyon abin nan, Dokta. Maganinka ya tone shi a minti ɗaya.

Ɗinki biyar aka yi masa a goshi. Gwaggo Clara ta zo da kanta ta kwashe ƙwayoyin, ta ce ko kai ne ka zo ba za ta bayar ba. Baƙin kusurwa sun tafi, aman ya tsaya. Amma Malam ya juya fuska bango. Ko zaure ba ya fitowa. Jiya Alhaji Kabir ya tsaya a ƙofa yana tambayata, da murya ƙasa-ƙasa, wai rigunan da ke hannunmu wa zai zana su?

An ce ka fi kowa sani. To ga abin da saninka ya yi. Da hannu ɗaya muka zo maka, ka mayar mana da mutum kwance. Ka rubuta wannan a bincikenka, ka sa sunanka a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Kada ka sake aiko da komai.

Inuwa Lado

Liverpool
8 ga Yuli, 1991

Ɗana Inuwa,

Ina gaishe ku, ina yi wa Malam sannu. Allah ya ba shi lafiya.

Na yi mako shida a Amurka wurin aiki. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardunka biyu a haɗe. Na ba da magani mai ƙarfi, na yi tafiya ban bar wanda zai buɗe wasiƙuna ba. Wannan laifina ne, ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. Clara ta yi daidai.

Yanzu ka zauna, don zan tambaye ka abu.

Na ajiye tambari na farko da na biyu a kan tebur. Mutumin da ke amai, ƙasa na juya masa, kunu ma sai an ba shi a baki, ya zana na biyun ba ko tangarɗa. Na ɗauko madubin ƙara girma. A gefen kowane tambari akwai inda tawada ta shafu, daga hagu zuwa dama. Na jera su da wasiƙunka. Shafewar iri ɗaya ce. Lado kuwa na san shi tun muna yara, da dama yake zane, da dama ya sha make ni.

Inuwa, wa ya zana tambarin nan?

Ba don in kama ka nake tambaya ba. Bari in gaya maka abin da ko Clara ba ta sani ba. Jaridar tsirenka ba ta ce maka da fiɗa na fara ba. Shekara bakwai ina koyon fiɗar ƙwaƙwalwa, ana cewa hannuna ya fi na kowa a cikin 'yan ajinmu. Ina da shekara talatin da uku, wata rana na ɗauki almakashi zan yanke zare, sai na ga bakinsa na rawa. In na ajiye hannun, shiru. In na miƙa, rawa. Na ɓoye wata goma sha ɗaya. Nakan ce wa na ƙasa da ni, "Rufe mini yankan, ina sauri," aikin ya fita da sunana. Ranar da na ga na kusa taɓa jijiyar wata yarinya, na je na miƙa wa maigidana hannayena biyu ya gani. Daga ranar ban sake riƙe wuƙa ba. Na koma nazarin abin da ya kore ni, shi ne duk wannan sunan da kake jifana da shi.

Mahaifiyata ma tana da rawar nan. A coci ba ta riƙe littafin waƙa sai ta ɗora a kan benci. Ta ce babanta, wato kakan Malam, haka yake zubar da fura. Rawar gidanmu ce, tana bin jini, kuma ba Parkinson ba ce. Ita ya kamata in fara zato. Tambarin ne ya kawar da ni, na ga layi miƙaƙƙe na ce ba ita ba ce, na ma ji daɗi.

In ita ce, akwai abin yi. Amma ba zan sake motsi ba sai na ga hannun Lado na gaskiya a takarda, komai muninsa.

Na sa nawa tambarin a cikin ambulan ɗin nan. Ka nuna masa.

Babanka,
Zacchaeus

Kusfa
2 ga Agusta, 1991

Baba Likita,

Gaisuwa da ban girma. Goshin ya warke, an cire zare. Ina fata kana lafiya.

Kwana huɗu takardarka na aljihuna. Na rubuta amsa biyu masu zafi na yaga, don ko ni ban yarda da su ba.

Ni na zana. Duka biyun.

Ka bar Zariya da daɗewa, bari in tuna maka yadda zaure yake. Riga ɗaya hannu shida ke taɓa ta. Wani ya yi aska, wani ya yi wuya, wani ya cike tambari, a kai wa mabuga. In ta fita, aikin Malam Lado ce, kuma ba ƙarya aka yi ba, haka ake yi tun kakanni. Da hannun ya fara, sai ya riƙa kirana ciki. Ya zauna a bayana yana cewa "buɗe nan, matse can," ni ina ja. Shekara uku duk zanen da ya fita daga gidan nan nawa ne, babu wanda ya sani sai Inna. Da saƙonka ya zo, Malam ya ɗauka oda ce daga baƙo mai daraja. Ya ce, "Ɗauko alƙalami." Na ɗauko. Ko a raina ban ji wani abu ba.

Wannan na farko ke nan. Na biyun ba ni da abin cewa. Ka riga ka rubuta cewa gwaji ne, na karanta da idona, na gane. Na tsallake wurin lokacin da nake karanta wa Malam. Ka ce littafina ya yi gaskiya, Baba. Babban likitan Ingila ya ce ɗan aji huɗu ya yi gaskiya. Na kai takardar nan shagon tela na karanta wa abokaina sau biyu. Na ce a raina ai ciwon ɗaya ne, ko wa ya zana. Sai na ci gaba da ɓalla ƙwaya ina tsayawa a kansa. Da ya faɗi na san da hannuna a ciki, shi ya sa na zage ka da kyau.

Ran Juma'a da hantsi na shiga na karanta masa takardarka, ban tsallake komai ba, har wurin da na tsallake a wancan karon na koma na karanta. Ya ce in ba shi tambarinka. Ya daɗe yana kallo, yana juya shi. Can ya ce, "Wannan ne babban likitan? Ko akuya aka ɗaura wa alƙalami ta fi shi."

Sai ya ce a kai masa tabarma zaure. Na ce akwai mutane, Alhaji Kabir na nan da masu ɗinki uku. Ya ce ya sani.

Ya fito da tabon nan a goshi. Ya zauna, ya fitar da hannun daga riga, ya tsoma alƙalami. Tawada ta ɗiga a tabarma kafin ya kai takarda. Baba, minti nawa ya yi ban sani ba, ni dai ƙasa nake kallo, ina jin ƙarar bakin kara yana tsalle a kan takarda. Da ya gama ya ɗaga ta sama ya ce, "Kabiru, ga hannun Lado. Ka gani da kyau, kada a ba ka labari."

Alhaji Kabir ya ce, "To Malam, rigunan da nake kaiwa Kano fa?"

Malam ya ce, "Tambayi bahagon can."

Ga takardar nan. Ta huje a wuri biyu. Kuma na lura da abin da ka tambaya tun farko: da ya ajiye hannun a cinya, sai ya yi shiru.

Ka yafe mini zagin. Sauran kuwa ba kai ne mai yafewa ba.

Ɗanka,
Inuwa

Liverpool
22 ga Agusta, 1991

Ɗana Inuwa,

Ina gaisuwa. Na gani. Haƙoran zarto ne tun daga tsakiya har baki, irin nawa sak, sai dai nasa ya fi nawa tsari, ka gaya masa na yarda.

Tamu ce. Sunkuyar da kai da rashin fara'ar kuwa kunya ce, ba ciwo ba. Maganin sunansa propranolol, shi nake sha kullum da safe, kuma akwai shi a kemis ɗin Tudun Wada. Amma kada a taɓa shi sai Clara ta auna bugun zuciyarsa da jininsa, ta tabbatar ba ya da asma. Wannan karon sai ya miƙa mata hannu. Ita za ta riƙa zuwa kowane mako, na kuma ba ta lambar wayar wanda zai amsa in ba na nan.

Ba zai warke ba, kada ka yi masa wannan alkawari. Rawar za ta ragu, wataƙila da rabi. Ko rabin zai isa zane, hannunsa ne zai faɗa.

Ina neman hutu a Disamba. Ka ce a share mini wuri a zaure.

Babanka,
Zacchaeus

Kusfa
20 ga Oktoba, 1991

Baba Likita,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, an fara yankan gero. Inna na gaishe ka, ta ce me kake ci a can da za a tanada.

Ya miƙa wa Gwaggo Clara hannu, amma sai da ya ce ta rufe ido. Mako bakwai ke nan. Koko na kaiwa baki, in kofin bai cika ba. Ya koma cin tuwo a zaure. Zare a allura ya gagara har yanzu, kuma aska takwas ba zai sake zana ta ba, layukanta sun yi tsawo. Ya gwada sau biyu ya ajiye.

Dillalai biyu sun janye. Alhaji Kabir ya tsaya, sai dai yanzu in ya shigo ni yake nema, abin da har yau ban saba da shi ba. Malam na zaune a bayana yana cewa "buɗe nan, matse can," a gaban kowa.

Maganar bincikenka. Na tambaye shi. Ya ce ka rubuta, amma ka sa Batulu da babanta da kai kanka, kada a ce shi kaɗai ne. Na ƙirga masa wasu uku a dangi da ke zubar da shayi, in ka zo zan kai ka gidajensu. Ni ma kowace safiya nakan miƙa hannuna in duba. Shiru tukuna. In ta zo, kai zan fara gaya wa.

Akwai farar shadda da ya ajiye tun kafin ciwon. Ya ce rigarka ta wancan zamani ta isa ritaya. Ni na zana gaban. Da na juya ta zan yi tambarin baya, sai ya karɓe alƙalamin. Ya tallafe hannun dama da hagunsa, ya yi kwana biyu a kai. Layin ya kauce a wuri uku, ana gani daga nesa. Na ce in gyara kafin a ba masu ɗinki. Ya buge mini hannu, ya ce a bi shi da zare yadda yake.

Tana wurin mabuga, za ta jira ka. Ka zo da madubin naka. Ba za ka sami shafewar bahago a bayanta ba.

Ɗanka,
Inuwa